Giyar Sienna ta ƙone a hanyar Sakkwato: amsa ga ɗan Argungu da ke Italiya

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi ɗan Argungu da ke aiki a wani sito kusa da Brescia, a arewacin Italiya. Shekara biyu da suka wuce ya tara kuɗi ya sayi Toyota Sienna ƙirar 2008, otomatik, ya damƙa wa ƙanensa domin ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, abin da aka samu a ciyar da mahaifiyarsu. Yanzu giyar motar ta ƙone. Ƙanen ya ce otomatik ba ta da ƙarfi, shi ya sa yake barin sandar giya a kan 3 tun daga tasha har Sakkwato, allurar inji tana yawo tsakanin 4,000 da 5,000. Baffansu ya yanke hukunci cewa a rabu da ita a sayi manuwal, har ya kawo dillalin da zai shigo da wata daga Kwatano ta iyakar Kebbi a farashi mai sauƙi, muddin aka tura rabin kuɗin cikin mako biyu. Kwantiragin aikin matashin zai ƙare nan da wata huɗu, takardar zamansa kuma nan da wata biyar. Ya rufe wasiƙarsa da cewa: "Idan na ƙi, za a ce na manta da gida. Idan na tura, ba ni da abin da zan riƙe kaina da shi."

Ƙanena, Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da mahaifiyarka. Zan fara da motar, domin duk hukuncin da aka yanke a gidanku an gina shi ne a kan magana ɗaya, wato cewa otomatik ba ta da ƙarfi, kuma maganar ba gaskiya ba ce. Sienna ta wannan shekarar tana ɗauke da inji mai silinda 6, lita 3.5, da giya biyar na gaba, kuma duk wanda ya tsaya a tashar mota a Birnin Kebbi ya san irin lodin da takwarorinta suke ɗauka kullum. Abin da ƙanenka bai fahimta ba shi ne ma'anar lambobin da ke ƙasa da D, wato giyar tafiya gaba ta yau da kullum. Lambar 3 ba ta ƙara wa mota ƙarfi, iyaka ce kawai da direba yake gindaya mata, yana ce mata kada ta wuce giya ta uku komai gudun da ake yi. Idan motar tana gudun kilomita 100 a awa a kan D, ta riga ta shiga giya ta biyar, allura tana wajen 2,000. Idan aka tsare ta a 3 a kan wannan gudun, allurar za ta kai wajen 4,000, wato inji yana juyi ninki biyu domin tafiya iri ɗaya, yana kuma shan fetur ɗin da ya kamata ya zama cefanen gida.

Duk da haka ba zan ce maka hawan allura kaɗai ne ya kashe giyar ba, domin ba na son ka je ka yi wa ƙanenka faɗa da hujjar da kowane bakanike zai rushe. Injin da ya ɗumama, mai lafiyayyen baƙin mai, ba ya lalacewa don allura ta kai 4,000 na ɗan lokaci wajen wuce tirela, kuma jan layin da ke jikin agogon yana can wajen 6,000 ne zuwa sama. Abin da ke kashe giyar otomatik shi ne zafi. Tsakanin inji da giya akwai wata ƙwarya ta ƙarfe cike da mai, wadda bakanikai suke kira kwanbata, a cikinta akwai abubuwa kamar fanka biyu suna fuskantar juna, ɗaya tana tura mai, man yana juya ɗayar. Wannan turawar tana haifar da zafi, shi ya sa idan mota ta daidaita a manyan giyoyi sai kwanbatar ta kulle, inji da giya su juya tare, zafin ya ragu. Direban da ya hana motarsa hawa manyan giyoyi ya rage mata wannan hutun. Ka haɗa wannan da fasinja fiye da kujeru, da buhunan shinkafa a baya, da tafiyar kimanin kilomita 150 zuwa, 150 dawowa, a watan Afrilu da zafin Kebbi yake haura digiri 40. Man giya yakan dahu, ya koma baƙi mai ƙauri, faifan kulocin da ke ciki su fara sulɓi har su cinye.

Akwai tambayar da ban ga ka yi ba, kuma ita ce ta fi muhimmanci: yaushe rabon a canza man giyar, kuma wane iri aka zuba? Toyota tana da mai iri daban-daban, akwai T-IV akwai WS, kuma littafin motar ko sandar gwajin man ne yake faɗin wanda ya dace da ita. A garejojinmu sau da yawa duk jan man da aka samu shi ake zubawa. Ka tambaya kuma ko motar ta taɓa tafasa a hanya, domin man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce, idan ruwan inji ya yi zafi shi ma ya yi. Ka tambaya ko yakan taka totur mota tana firi sannan ya jefa ta D domin ta zabura, ko yana sa ribas kafin ta gama tsayawa, ko an taɓa ɗaure ta da igiya aka ja ta tafiya mai nisa tayoyin gaba suna ƙasa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi hawan allura ɓarna.

Ƙananan giyoyin suna da ranarsu. Idan ya sauka daga kwalta ya shiga rairayin hanyar ƙauye, ko taɓon fadama da damina, 2 ko L ne ya dace, a hankali, ba tare da barin taya tana juyi a wuri ɗaya ba. Idan yana gangara tudu mai tsawo da lodi, irin na ƙasar Zuru, saukar da giya zuwa 3 ko 2 yana sa inji ya riƙe motar, birki ya huta, kuma ƙarar da injin zai yi a lokacin ba alamar ɓarna ba ce. Wajen wuce babbar mota ma ba sai ya taɓa sanda ba, idan ya danne totur har ƙasa motar da kanta za ta sauko giya, ta koma sama bayan ya wuce. Amma hanyar Argungu zuwa Sakkwato shimfiɗaɗɗiya ce, wurin D ne. Kuma ka sani cewa hannun da ya yi wa otomatik haka, idan aka ba shi manuwal kuloci zai riƙa ƙonawa, don haka canjin mota ba zai raba ka da kiran waya ba.

Batun dillali kuwa, kada ka tura ko sisi. A ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma motar da aka biyo da ita ta daji a wajen Kamba ko Tsamiya ba tare da biyan kuɗin kwastan ba kayan fasa-ƙwauri ce, komai kyan takardun da aka haɗa mata. Sauƙin farashin da ake kwaɗaita maka da shi, kuɗin kwastan ɗin ne da ba a biya ba. Na zauna da wani bawan Allah da ya yi shekara huɗu yana aikin gini a Aljeriya, ya tura rabin kuɗi kamar yadda ake nema a wurinka, aka riƙa turo masa hoton mota ɗaya a WhatsApp wata bayan wata, yau a ce direba ba shi da lafiya, gobe a ce hanya ta yi zafi sai an ƙara na sallamar jami'ai, har lambar ta daina shiga. Na ga wani wanda tasa motar ta iso lafiya, aka yi murna, aka yi mata lamba, bayan wata bakwai aka tsayar da ita a shinge, aka duba lambar shasi ba ta dace da takardar kwastan ba, ta tafi ke nan. Dukansu biyu ta hannun ɗan'uwa aka kawo musu dillalin, kuma wannan ne ya hana su neman hakkinsu, domin kai ƙarar dillali ya zama kai ƙarar wanda ya kawo shi. Wa'adin mako biyun da aka ba ka ma dabara ce, ana so ka biya kafin ka yi tambaya.

Takardunka ka san su fiye da ni, don haka tuni kawai zan yi maka. Ana son a shigar da neman sabunta takardar zama kwana 60 kafin ta ƙare, ke nan wata uku ne a gabanka, ba biyar ba. Kwestura, wato ofishin 'yan sandan Italiya da ke ba da takardar zama, za ta duba kwantiragi da takardun albashi da wurin zama, kuma idan fasfonka ya kusa ƙarewa sai ka fara da ofishin jakadancin Najeriya a Rum, da lambarka ta NIN a hannu. Idan ba a sabunta maka kwantiragi ba, ɗan abin da ka ajiye shi ne zai biya hayar ɗaki har ka sami wani aikin. Kada kuma ka ci bashin abokan aiki domin mota, mutumin da aikinsa ke lilo ba ya ɗaukar bashi.

Yanzu ga maganar gida, kuma a nan ina bayanka. Baffa uba ne, girmansa wajibi ne a kanka, ba zan ce ka ɗaga masa murya ba. Amma girmamawa ba ta nufin a kashe guminka a kan shawarar da ba a nemi ra'ayinka ba. An yi shekara biyu ana lodi da wannan motar, ina balas ɗin da aka tara domin gyara? Duk mai motar haya ya san ana ware wani abu kullum saboda ranar da mota za ta kwanta, kuma idan ba a ware ba, to an ci riba an ci uwar kuɗi, an bar maka asara. Abin da yake ba ni takaici a irin waɗannan wasiƙu shi ne yadda ake ɗaukar na waje kamar rijiyar da ba ta ƙafewa, alhali mutum yana tashi da asuba cikin sanyin hunturu yana ɗaukar kwali har bayansa ya ƙage. Wanda ya saya wa gidansu mota bai manta da gida ba, kuma duk wanda ya faɗa maka haka ya zalunce ka. Hakkin da ke wuyanka shi ne cin mahaifiyarka da maganinta da suturarta, wannan kada ka yanke shi ko na wata ɗaya, ka riƙa tura mata kai tsaye. Samar wa ƙanenka mota ta biyu kyautatawa ce, ana yin ta ne idan da hali.

Ka fara kiran Hajiya kafin kowa, ka gaya mata ranar da takardarka za ta ƙare da abin da zai faru idan ba a sabunta ba, domin sau da yawa iyaye mata ba a faɗa musu wannan ɓangaren, kuma idan ta fahimta ita ce za ta tare maka Baffa. Sannan ka kira Baffa ka yi masa godiya, ka ce ka ji shawararsa, amma ba za ka iya taɓa batun wata mota ba sai takardarka ta fito. Ka nemi mutum ɗaya amintacce wanda ba ya cikin rigimar, ya kai motar wurin bakaniken da aikinsa giyar otomatik ne, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, a sa mata na'urar bincike, a sauke kaskon mai a gabansa a ɗauko maka hoto. Wani lokacin abin da aka kira ƙonewa matsalar wayoyi ce ko bawul, wani lokacin kuma sai an sauya giyar da ta Beljiyam. Idan sauyawa ce, a rubuta sharaɗin gwaji na wasu kwanaki, a wanke layin da ke kai mai lagireto, a zuba man da littafi ya ce, kuma ka biya bakaniken da kanka bayan ka ga rasit. Ƙanenka ya kawo nasa kason daga abin da ya samu, ko da kaɗan ne. Kafin makulli ya koma hannunsa, ku yi yarjejeniya a gaban Baffa: sanda a kan D a kwalta, lodi daidai kujeru, kuɗin gyara a asusu daban duk mako, takardun mota kuma su ci gaba da zama da sunanka. Idan bai amince ba, a ajiye motar a gida a rufe ta har ka zo hutu.