Tambaya da Amsa: Me ya raba injin 1ZZ da 2ZZ?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce injin Toyota 1ZZ da 2ZZ 'yan gida ɗaya ne, kuma kowanne lita 1.8 ne. To me ya sa 2ZZ ya fi ɗan'uwansa ƙarfi nesa ba kusa ba?

Amsa: Barka kadai. Haka ne, dukansu dangin ZZ ne da Toyota ta fito da su a ƙarshen shekarun 1990: silinda huɗu a jere, bawul 16, gangar jikin alminiyum, ga sarkar taimin a maimakon bel. Sai dai yawan lita bai isa ya gaya maka halin inji ba.

Bambancin ya faro ne daga siffar silinda. Ta 1ZZ siririya ce mai zurfi, faɗinta milimita 79, fistin kuma yana tafiyar milimita 91.5. Irin wannan yakan ja da kyau tun daga ƙasa, ya tattala fetur, amma in ka matsa masa sai numfashinsa ya ƙare da wuri. Shi kuwa 2ZZ, da aka ƙera tare da Yamaha, an buɗe silindarsa zuwa 82, aka rage tafiyar fistin zuwa 85. Bawul ya sami wurin girma, fistin ya rage wahala, inji ya kai juyi 8,000 a minti.

Ga kuma abin da masu son gudu ke mutuwa a kansa, wato VVTL-i, tsarin 2ZZ mai ƙara buɗe bawul idan juyin inji ya yi sama. Kam ɗinsa, wato sandar da ke tura bawul ya buɗe, tudu biyu gare shi, ƙarami da babba. Da allurar juyin inji ta kai wajen 6,000, sai matsin baƙin mai ya tura wani ɗan ƙarfe ya kulle, babban tudun ya karɓi aiki, bawul ya buɗe sosai. Nan take za ka ji ƙara ta sauya, kujera ta dafe maka baya. Da haka yake ba da ƙarfin doki wajen 180, shi ya sa ma kamfanin Lotus ya ɗauke shi ya sa a motarsa Elise. Amma fa yana matse iska 11.5 bisa 1, don haka sai fetur mai ingancin gaske.

Ni dai, in don zirga-zirgar yau da kullum ne, 1ZZ zan ɗauka. A lura kawai, na farko-farkonsa sun yi suna wajen shan baƙin mai idan ramukan bayan zoben fistin suka toshe, saboda haka a riƙa zaro sandar awo ana dubawa.