Rufe Iyakoki da Halin da Matasan 'Yan Kasuwa Ke Ciki

Malam, ka tambaya ko adalci ne a ce matasa su yi haƙuri da rufe iyakoki saboda amfanin gobe, kamar yadda dattawanmu ke faɗa. A ganina ba adalci ba ne, matuƙar ba a ji ta bakin matasan ba kafin a yanke hukunci.

Lokacin da aka rufe iyakokin Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, na ga manyan 'yan kasuwa a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe sun iya jira domin suna da jari da rumbuna, amma samarin da ke shigo da wake daga Nijar da kuɗin rance sun karye, wasunsu har yau ba su koma harkar ba.