Sanƙarau, Shan Inna da Kuturu Mai Kuɗi: Amsoshin Masu Karatu

Wata malamar asibiti daga Zariya ta tambaya: daga ina sanƙarau da ƙanjamau suka samo sunayensu?

Malama, daga aikatau suka fito: sanƙare da ƙanjame. Bahaushe kan liƙa ɗafin -au ga wanda wani hali ya zame masa jiki, kamar mantau da makarau. Sanƙarau ita ce mai sanƙarar da wuya, ƙanjamau kuwa mai ƙanjamar da jiki. Abin da ido ya gani aka raɗa wa suna, domin ido ba ya ganin ƙwayar cutar. Sanƙarau irin wadda ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 1996 bakteriya ce ke kawo ta, ƙanjamau kuma bairos. Mu duka muna ce musu "ƙwayar cuta", kuma a ganina nan Hausarmu ta yi mana rowa: maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairos, shi ya sa shan kafso don mura ɓarnar kuɗi ce kawai.

Wani ɗalibi daga Maraɗi yana son sanin wace Innar ce a "shan inna".

Ɗana, ba mahaifiya ba ce. Inna ce ta bori, wadda aka yi imani takan shanye ƙafa ko hannun yaro. Ainihin mai laifin bairos ne da ke yaɗuwa ta bayan gida, ya shiga ta baki, wani lokaci ya kai ga jijiyoyi. A Borno aka ga na ƙarshe na asalin nau'insa a Najeriya a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da wannan nau'in a 2020. Sunan dai ya zauna daram.

Akwai kuma mai neman ma'anar "Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa".

Nufinsa, mai kuɗi ba a yi masa shamaki. Kuturun da ake ƙyamar hannunsa, in ya biya, har na ƙasa zai tona ya zaɓa. Ƙyamar ce ta wuce kima. Kuturta bakteriya ce da likitan Norway, Hansen, ya gano a 1873, ba ta saurin yaɗuwa, kuma maganin wata 6 zuwa 12 yana warkar da ita, kyauta ake bayar da shi.