Safar hannun hawan doki: amsa ga ɗan'uwan da kamazuru ke yi wa bororo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka fara fita kilisa da yamma, kamazuru, wato igiyar linzami, yana yi maka bororo a yatsu, kana tambaya ko ka sayi safar hannu irin ta masu babur ko ta ulu da ake sayarwa lokacin sanyi. Shawarata, duka biyun ka bar su.

Ta ulu santsi gare ta. Da zarar doki ya fizgi kai, kamazurun zai sulale, kai kuma sai ka ƙara damƙewa, hannu ya gaji tun ba a je ko'ina ba. Ta masu babur kuwa matsalarta ta fi girma, kuma a nan nake so ka tsaya ka fahimce ni. Linzamin da yawancinmu ke sa wa doki a Kano, na gargajiya mai zobe da ke zagaye haɓar ƙasa, linzami ne mai zafi. Ɗan motsin yatsa kaɗan doki yana jinsa har cikin ransa. Idan ka sa safa mai kauri da soso a tafi, ba za ka ji bakin dokin ba, za ka riƙa ja fiye da kima ba ka sani ba. Na sha ganin doki ya dawo barga da jini a gefen baki, mai shi yana cewa dokin ne mai taurin kai, alhali hannunsa ne ya yi nauyi. Doki ba shi da bakin kai ƙara, sai dai ka ga ya fara wurgi da kai ko ya ƙi karɓar linzami washegari.

Don haka nemi marar kauri wadda za ta kama hannunka tsam. Ka gwada ta a gaban mai kaya: ka saka maɓallin rigarka, ka ɗauki tsabar kuɗi daga kan tebur. In ka kasa, ta yi kauri ko ta yi maka yawa. Kan yatsu kada ya yi saura, domin wannan sauran ne ke maƙalewa a zoben linzami ko a majanyi lokacin ɗaura sirdi. Idan ta intanet za ka saya, sa tela ya auna maka zagayen tafin hannu a gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. Abin da ya fito a inci shi ne lambarka, 8 ko 9 misali. Ta fata tana ɗan buɗewa bayan an saba da ita, saboda haka gara ta ɗan matse da farko.

Abin da ya bambanta safar mahaya da sauran shi ne ƙarin fata a inda kamazuru ke bi, wato tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da kuma tsakanin babban yatsa da manuniya. Juya cikinta ka shafa ɗinkin. In ka ji tudu a waɗannan wurare, bororon da kake gudu shi za ta ƙara maka.

Batun fata ko yadi, yanayin garin nan ne ke yanke hukunci. A bazara, watan Afrilu zuwa Mayu, gumi yana jiƙe fata ta yi nauyi, don haka na fi son mai bayan raga da tafin roba mai laushi, irin wadda 'yan folo ke sawa. Su sanda na hannun dama, kamazuru na hagu, shi ya sa kayansu ke da riƙo sosai. Da hunturu kuwa, lokacin da hannu ke tsattsagewa, fatar akuya ba ta da na biyu. Kuma abin namu ne: fatar jar akuyar nan ta ƙasar Hausa ce aka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Ka shiga Kasuwar Kurmi wajen masu kayan doki, su haɗa ka da baduku mai hannu, ka kai masa tsohuwar safa ya cire fasali. Sai dai ka jaddada masa fatar ta zama sassauƙa, kuma ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a jikinta. In rini ya fita, haka zai fita a farar rigarka ranar Hawan Daushe, ga gumi ga rana.

Tunda na ambaci hawa, kada ka sa sabuwar safa ranar Sallah. Hawan Nassarawa ko na Fanisau daɗewa ake yi a kan sirdi, ga ƙarar bindiga da tambura suna zuga doki. Ka yi kilisa da ita tun ana saura makonni, ta san hannunka.

Kulawa ba ta da wuya. Bayan ka sauka ka goge gumin da ɗanyen tsumma, ka shanya a inuwa, ban da rana ban da kusa da wuta, don ƙandarewa take yi. Man kaɗanya ɗan kaɗan a bayanta ya wadatar, kada ka shafa a tafi.

Abu guda da nake roƙonka: safa tana sa mutum ya ji kamar zai iya nannaɗe kamazuru a hannu tunda ba ya jin zafi. Don Allah kada ka yi, ko kana kai ko kana jan doki a ƙasa. In ya zabura, da yatsunka zai tafi. Zobe ma ka cire kafin ka hau.

Ba ka faɗi irin kamazurun da kake amfani da shi ba. In na igiyar leda ne, shi za ka fara canzawa da na fata ko saƙaƙƙen auduga, domin leda ko da safa sai ta ƙona hannu in doki ya ja. Ranar da za ka je kasuwa ka tafi da shi, ka riƙe su tare kafin ka biya.