Ƙasar su Likita Mila da kake zato, ɗana

Saƙonka na uku ke nan a wata guda. Ka ce in taimaka ka zo Ingila karatun digiri na biyu, har ka ƙara da cewa hankalin mamanka a kwance yake tunda ƙasar Kirista za ka, ƙasar su Likita Mila, Baturen mishan ɗin nan da ya yi aiki a Zariya. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai.

Zancen biza ka riga ka sani: awa 20 ɗalibi ke aiki a mako lokacin karatu, kuma tun Janairun 2024 mai irin karatunka ba ya tahowa da iyali. Mu bar wannan.

A ƙidayar 2021, kashi 46 cikin ɗari ne na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne, karo na farko da suka gaza rabi, masu zuwa sujada kuwa ba su kai ko kusa ba. A nan Bradford na sha wuce majami'ar dutse mai hasumiya da aka yanka ɗaki-ɗaki ana haya. Lahadin farko da na je sujada ba mu cika ashirin ba, kusan duk masu furfura. Cikin awa ɗaya aka tashi, aka ba ni shayi da biskit, kowa ya kama gabansa. Ina tafe gida ina hawaye, ina tuna Wusasa da tsohuwar majami'armu ta ƙasa da aka gina a 1929, da matan zumunta cikin zane iri ɗaya suna buga tulu da caki, da yadda muke kai baiko da rawa, da kwanon shinkafar Kirsimeti da ake aikenmu da shi gidajen maƙwabtanmu Musulmi.

Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa babanka ba. Kusan shekara biyu ƙafata ba ta taka majami'a ba. A gidan kula da tsofaffi da nake aiki, shugabarmu ta gane ba na musu, sai ta riƙa jibga mini Lahadi. Har yau abin yana mini ciwo, amma laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Ko na samu hutu, bargo nake shiga ina kallon bidiyon sujadar gida a waya, ina ce wa kaina na nan ba sujada ba ce. Kewar gida ta zame mini hujjar barin Ubangiji, ni kuwa ina ganin ibada nake.

Wata safiya ina taje wa wata tsohuwa kai, wadda ko 'ya'yanta ba ta ganewa, sai ta fara rera waƙar sujada a hankali. Muryar ce sak da muke yi da Hausa tun muna yara. Na kama mata da Hausa, tana yi da Turanci, har ƙarshe, matajin yana hannuna. Daren nan na buɗe Irmiya 29, inda aka ce wa bayin da ke Babila su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi wa birnin addu'a. Kakanka ma kan karanta mana Mai Hadishi 7:10, cewa ba hikima ba ce mutum ya riƙa tambaya me ya sa kwanakin dā suka fi na yanzu.

Na koma wurin tsofaffin nan masu shayi. Yau ni ke karatun Littafi sau biyu a wata, kuma da na gama karatun nas, su suka cika mini ɗaki da murna. Gumina ne, ba wanda ya ba ni kyauta.

Idan ka zo, ba ƙararrawar da za ta tashe ka, ba mamanka da za ta buga ƙofa don addu'ar asuba. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ga gajiya, ga kuɗin haya, ga aikin Lahadi a hannu kullum. Tun daga gida ka yanke abin da za ka ce ranar da aka miƙa maka shi.

Turo mini takardar makarantar in duba. In tafiyar ta tabbata, ka taho mini da Littafin Waƙoƙi, nawa bangonsa ya rabu, da daddawa da kuka. Ka gai da mamanka.

Gwaggonka