Sun yarda da kwalbar giya, sun hana gorar zoɓo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni 'yar Zariya ce, amma yanzu ina birnin Houston na Amurka, na zo wa 'yata wankan jego. Da Alhaji ya zo mu koma gida, sai surukinmu ya saya mana tikitin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, kwana 7, daga tashar Galveston zuwa Mekziko. 'Yata ta karanta mini dokokin jirgin, wai kowane babba yana iya shiga da kwalbar giyar inabi guda ɗaya, amma ba a shiga da ruwa ko lemo na gora. Abin ya sosa mini rai. Na so in dafa zoɓo da kunun aya in tafi da su, da dambun nama, da kwalbar Eva ɗaya, ruwan inabin nan marar maye. Yanzu mai shan giya ya fi mu gata ke nan? Me za mu iya shiga da shi? (Wata mai karatu, Houston)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya jika, ya saka wa surukinku da alheri.

Na san wannan ɓacin ran, domin ya taɓa samuna. Tafiyata ta farko a irin wannan jirgi, uwargida ta cika mini gora biyu da zoɓo mai citta da kanumfari, na saka cikin babbar jaka. Magariba ta yi, jakunkunan maƙwabta duk an kai musu ƙofar ɗaki, tawa shiru. Sai da aka turo mini takarda in sauka can ƙasan jirgi, inda na tarar da layin mutane kowa tsaye kan jakarsa. Ma'aikacin ya ɗaga gorar, ya ga jan ruwa ba tambari ba hatimi, ya ce ba za ta shiga ba. Na yi masa bayani cewa ganye ne aka dafa, ya saurare ni da ladabi, amma gorar ba ta dawo hannuna ba. A layin nan kuwa, kusan duk wanda ke gabana barasa ce aka kama ya ɗura a gorar ruwa ko a kwalbar maganin wankin baki.

Can asalin dokar yake, Hajiya. Gorar suke tsoro. Kuɗin tikiti ba shi kaɗai ke riƙe waɗannan kamfanoni ba, suna samun riba mai yawa daga abin da fasinja ke kashewa a cikin jirgi, kuma abin sha na kan gaba. Da mashaya suka ga tsadar, sai suka koma ɗura barasa mai kama da ruwa a gorar roba su mayar da murfin kamar ba a taɓa ba. Duba kowace gora a tashar da mutum dubu uku ko huɗu za su shiga cikin 'yan sa'o'i aiki ne da ba ya ƙarewa. Shi ya sa a 2015 kamfanin Carnival ya hana shiga da duk wani abin sha na gora ko kwalba, ya bar gwangwani da kwali, waɗanda ba a iya buɗewa a mayar. A 2016 kamfanin Norwegian ya ma wuce nan, ya hana shiga da ruwa da lemo baki ɗaya, sai wanda likita ya wajabta ko na haɗa madarar jariri.

Ita kuma kwalbar giyar da suka bari, ba su bar ta a banza ba. Mililita 750 ce, a rufe da hatimin kamfani, a jakar hannu, ranar shiga kawai. Wanda ya kai ta ɗakin cin abinci kuma zai biya kuɗin buɗe kwalba. Barasa mai ƙarfi ba ta shiga ko kaɗan, wadda aka saya a tashoshin hanya kuma karɓewa suke su ajiye sai daren ƙarshe.

Ba ki faɗi kamfanin ba, amma manyan da ke tashi daga Galveston su ne Carnival da Royal Caribbean. Carnival ya yarda kowane fasinja ya shiga da gwangwani ko kwali 12 na abin sha marar maye, kowanne bai wuce mililita 355 ba. Ke da Alhaji 24 ke nan, ya ishe ku mako. Royal Caribbean kuma ya yarda da guda 12 ga kowane ɗaki, kowanne bai wuce rabin lita ba, kuma shi bai hana gora ba in dai a rufe take daga kamfani. A jakar hannu za ku riƙe su, kada su shiga babbar jakar da 'yan dako ke karɓa. 'Yarki ta sake karanta dokar kamfaninku kwana biyu kafin tafiya, domin sukan sauya ta.

Kwalbar Eva ta faɗa tsakani. A lissafin dokar lemo ce cikin kwalba, a ido kuma kama take da giya, saboda haka hukuncinta yana hannun wanda kika tarar a bakin ƙofa. In ranki na kanta, a rubuta wa kamfanin a samo amsa a rubuce, ki riƙe takardar. Ni dai da zan ba ki shawara, ki sayi ruwan inabi na kwali ki huta. Kuma ki kula da abin da ake sayarwa a kantunan Amurka da sunan wayin marar giya: dokar ƙasar ta yarda a kira abu haka matuƙar barasar da ke ciki ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma da yawa asalinsu giya ce aka tace. Ki nemi wanda aka rubuta ruwan inabi ne zalla.

Kunun aya ki haƙura da shi. Kin fi ni sanin halinsa, ko a gida wuni ɗaya ba firji ya yi tsami, kuma ɗan firjin ɗakin jirgi sanyaya abu kawai yake, ba ya riƙe shi. Dambun nama ma ba zai wuce ba, domin abincin da aka dafa a gida ba ya shiga. A nan ina bayansu ɗari bisa ɗari. Mutum dubbai ne a rufe wuri guda, hannu ɗaya kan cokalin zuba abinci, hannu ɗaya kan ƙarfen bene, kuma cutar amai da gudawa da ake kira norobairos kan zagaye jirgi cikin kwana biyu. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke da shirin duba tsaftar waɗannan jiragen, tana ba su maki. Abin da aka yarda da shi shi ne busasshen abu a ledar kamfani da ba a buɗe ba: dabino, gyaɗa, biskit, yaji mai tambari.

Zoɓo kuwa, albishirinki. Ki shiga kowane kantin 'yan Mekziko a Houston ki tambayi jamaica, su suna furta shi hamaika. Zoɓonmu ne sak, har da wanda aka ƙulla kamar ganyen shayi cikin kwali a rufe. Mekziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano, ta yiwu ma na gida ne ya riga ki zuwa. Ki sayi na kwali, ki haɗa da shayin citta. Ruwan zafi da ƙanƙara da sukari kyauta ne a wurin ɗibar abinci dare da rana, sai ki riƙe babban kofi mai murfi ki haɗa abinki. Kada ki ɗauki butar lantarki ko dutsen guga, karɓewa za a yi saboda tsoron gobara. In jirginku ya tsaya a tsibirin Cozumel, za ki ga zoɓo a manyan tuluna na gilashi, kusa da wani farin abin sha na shinkafa da kirfa da suke kira horchata. Ki sha a gidan abinci mai tsafta, ki bar na bakin titi saboda ƙanƙarar. Ruwan famfon jirgi kuma ana sha, daga teku ake tace shi a cire gishirin a saka masa magani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba ki tambaya ba. Giyar da za ta iya kai wa ga bakinki a jirgin nan tana cikin tukunya. Girkin Turawa na zuba giyar inabi a romon nama da miyar kifi da wasu dafa-dukan shinkafa, akwai kek da ake jiƙa shi da barasa, ga naman alade da ake yankawa ƙanana a watsa cikin wake ko dankali ko ganye ba tare da an rubuta ba. Kowane kamfani na da sashen masu buƙata ta musamman. Surukinki ya rubuta musu yau, ya nemi abincin halal, domin makonni suke buƙata kafin su tanada, kuma ba kowane jirgi ke da shi ba. Daren farko ki nemi shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci, ki gaya masa ba alade, ba giya ko a cikin girki. Za su riƙa kawo muku jerin abincin gobe tun yau ku zaɓa, a dafa naku daban. Kifi da ƙwai da abincin Indiya marar nama ba sa yankewa, domin da yawa daga masu girkin 'yan Indiya ne. Cikin masu hidima kuma za ki tarar da 'yan Indonesiya da yawa, cikinsu akwai Musulmi. Ki yi musu sallama, su ne za su faɗa miki gaskiyar abin da ke cikin kowane kwano, su nuna wa Alhaji inda alƙibla ta koma idan jirgi ya juya.

Idan aka yi muku tallan tsarin biyan kuɗin abin sha na mako gaba ɗaya, ku tabbata na lemo ne kawai, kuma ku san ana ɗora ladan hidima na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari a kan duk abin shan da aka saya. Surukinku ya kuma duba bizarku kafin ranar, ko ta shiga sau ɗaya ce, domin fita za ku yi daga Amurka ku sake shigowa.

In tafiyar ta yi muku daɗi har kuna son wata, akwai jirgin Aroya na Saudiyya da ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024. Ba giya a cikinsa, ba gidan caca, abincinsa duk halal ne, kuma akwai wurin salla. Ana iya haɗa shi da Umara idan lokacin ya dace da zamansa a Bahar Maliya.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaishe da Alhaji da mai jego.