An ce za a haɗe hukumarmu da wata, shin aikina ya tafi ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin hukumomin tarayya da aka ambata za a haɗe da wata, tun lokacin da gwamnati ta ce za ta aiwatar da rahoton Oronsaye kan rage yawan hukumomin gwamnati. Kullum da irin labarin da ake zuwa da shi ofis: yau a ce an gama tattara sunayen waɗanda za a sallama, gobe a ce an fasa. Yanzu kuma wani ya zo mana da cewa yana da hanya a Abuja, duk wanda ya ba da wani abu sunansa ba zai fito ba. Ina da iyali, ga bashi a kaina, barci ma ya gagare ni. In biya? Kuma ina majalisa take a wannan lamari? Daga wani ma'aikaci a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ba shi ko sisi. Abin da ba shi da shi yake sayar muku, tsoronku ne kawai jarinsa.

Kusan kullum sai na ci karo da wannan fahimta, har a bakin mutanen da suka yi shekaru a aikin gwamnati: wai da zarar Majalisar Zartarwa ta zauna, minista ya fito ya karanta sunaye, to hukuma ta mutu. Ba haka ba ne. Hukumar da doka ta kafa, doka ce kaɗai ke rushe ta. Sai an kai ƙuduri Majalisar Wakilai da ta Dattawa, ya tsallake karatu uku a kowacce, an saurari jama'a, sannan Shugaban Ƙasa ya sa hannu. Ko waɗanda sojoji suka kafa da dokar soja, irin su Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa (NEMA) ta 1999, sashe na 315 na Kundin Tsarin Mulki ya mai da dokokinsu tamkar na majalisa. Shugaban Ƙasa yana iya sauke shugaban hukuma, yana iya rusa kwamitin da shi ya kafa da takarda, amma ba ya share doka da sanarwa.

Tarihin rahoton kansa ya isa shaida. Stephen Oronsaye ya miƙa shi ga Shugaba Jonathan a 2012. Ya ƙirga hukumomi 541, ya ba da shawarar a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161: a soke 38, a haɗe 52, a mai da 14 sassa a cikin ma'aikatu. Takardar matsayin gwamnati ta 2014 ta yi watsi da mafi yawan shawarwarin. Gwamnatin Buhari ta sake kafa kwamitoci a 2021. A ranar 26 ga Fabrairun 2024 gwamnatin Tinubu ta amince a aiwatar, aka ambaci haɗe Rediyon Tarayya da Muryar Najeriya, da NEMA da hukumar 'yan gudun hijira, da hukumar yaƙi da ƙanjamau da hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka (NCDC), aka ba kwamiti makonni 12. Gwamnati ta faɗa da bakinta a lokacin cewa ba korar ma'aikata ake nufi ba. A cikin 2024 ɗin kuma aka sa hannu kan dokokin da suka kafa Hukumar Raya Arewa maso Yamma da ta Kudu maso Gabas, aka ƙirƙiro Ma'aikatar Kiwon Dabbobi. Ba ina cewa babu buƙatarsu ba ne. Ina nuna maka cewa ƙofar da ake shigo da hukuma ta nan ake fitar da ita, kuma ƙofar tana majalisa.

Wannan kuskuren fahimta yana ɓata mini rai ne saboda ɓarnarsa biyu ce. Yana jefa ƙananan ma'aikata irinka a hannun 'yan damfara. Sannan yana wanke 'yan majalisa daga laifi, don kowa ya zuba ido kan fadar Shugaban Ƙasa, ba mai tambayar wakilinsa. Alhali sashe na 80 ya ce ba a cire kuɗi daga asusun gwamnati sai da amincewar majalisa. Duk hukumar da ake kuka da ita cewa ba ta tsinana komai, kowace shekara shugabanta yana zuwa gaban kwamiti ya kare kasafinsa, kwamiti ya amince. Kuɗin haya, motocin shugaba, alawus ɗin zaman 'yan hukumar gudanarwa, tafiye-tafiye, duk da sa hannun 'yan majalisa suke fita. In an sanar da haɗe hukumomi biyu amma kowacce ta sake bayyana da layinta a kasafin shekara mai zuwa, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Me ya sa majalisa ke jan ƙafa? A ganina dalilin a fili yake. Kowace hukuma tana da kwamitin da ke sa mata ido, kuma daga nan ake samun guraben ɗaukar aiki da wurin cusa ayyukan mazaɓu. Buɗe kundin kasafi ka duba da kanka: za ka ga cibiyar binciken noma ko kwaleji an ɗora mata sa fitilun titi masu amfani da hasken rana ko rabon babura a jihar da ba ta da ko ofis. Wanda ke ajiye aikinsa a hukuma ba zai yi gaggawar rushe ta ba. Lokacin da Sanata Abdul Ningi ya faɗa wa BBC Hausa a Maris 2024 cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba, dakatar da shi aka yi, Majalisar Dattawa ta musanta zargin. Ko yana da gaskiya ko ba shi da ita, tambaya ce da ta cancanci a baje takardu a gaban jama'a.

Kuma kada a ruɗe ka da zaman sauraron bahasi na talabijin. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincike da tilasta wa mutum bayyana, domin a gyara doka a kuma bankaɗo cin hanci da almubazzaranci. Kowa ya tuna Yulin 2020, ranar da muƙaddashin shugaban Hukumar Raya Yankin Neja Delta ya suma a gaban kwamiti. Mutane nawa ne suka bi sawun abin da ya biyo baya? Sa ido na gaskiya ba shi da armashi a kyamara. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi ne, wanda sashe na 85 ya ce a miƙa wa majalisa, Kwamitin Kula da Asusun Gwamnati ya bi shi shafi-shafi: wannan kuɗin da aka ba jami'i na tafiya, ina rasit? Wannan kwangilar da aka biya, ina aikin? Rarar kuɗin shigar da Dokar Kula da Kashe Kuɗi ta 2007 ta ce a mayar baitulmali, an mayar? Rahotannin nan kan zo a makare da shekaru, kuma har yau ana jingina ne da tsohuwar dokar binciken kuɗi ta 1956, tun zamanin Turawa. A nan kuɗin talaka ke zurarewa, ba a albashinka ba.

Game da kai: ko da an haɗe hukumarku bisa doka, kujerun sama ne suka fi shiga haɗari, wato shugaba ɗaya maimakon biyu da hukumar gudanarwa ɗaya. Ƙananan ma'aikata galibi ana mayar da su sabuwar hukumar ne ko a tura su wani wuri, kuma dokar haɗewar kan zo da sashen da ke fayyace makomarsu. Ba zan yi maka alkawarin cewa ba wanda zai taɓu ba, amma sallama tana zuwa ne a rubuce, ta hannun hukuma, da haƙƙoƙinta. Kuɗin fanshonka kuma yana asusunka ne a kamfanin fansho, ba ya mutuwa da hukuma.

Haɗa takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatar da kai, ta ƙarin girma na ƙarshe da takardun albashi, ka ajiye kwafi a gida. Duba ko bayananka a IPPIS, wato tsarin biyan albashin ma'aikatan tarayya, daidai suke. Ku matsa wa ƙungiyarku ta ƙwadago ta nemo ko akwai ƙuduri kan dokar hukumarku a majalisa, in akwai ta rubuta matsayarku ta kai ranar sauraron jama'a. Shi kuwa mai hanya a Abuja, ku adana saƙonninsa da lambar asusun da ya ba ku, ku kai wa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC.